Tsatson Uba da Asalin Harsunan Cadi: Sharhi a Kan Ra'in R-V88 ta Fuskar Ƙasar Kagarko

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2010 ne Fulvio Cruciani na Jami'ar Sapienza da ke birnin Rum, tare da abokan aikinsa, suka buga wata maƙala a mujallar Turai ta nazarin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, inda suka kawo ra'in cewa an gano sawun mutanen da suka shigo da harsunan Cadi yankin Tafkin Cadi. Sawun da suke nufi wata alama ce a cikin ƙwayar gado ta Y, wadda suka laƙaba wa suna R-V88. Tun daga lokacin wannan ra'i ya fita daga hannun masu shi ya shiga bakin jama'a, har ta kai wasu na kafa hujja da shi cewa Bahaushe jinin Turawa ne ko na mutanen Asiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna ra'in da ma'aunin ilimin harshe, domin abin da ya yi iƙirarin warwarewa matsala ce ta harshe tun asali. Za a fara da bayanin hujjojin masu ra'in, sannan a duba abin da masana harsunan Cadi suka tabbatar, daga nan a nuna wuraren da hujjojin suka yi rauni. A ƙarshe za a gwada ra'in da yanayin ƙasar Kagarko ta kudancin Jihar Kaduna, wadda ke kan iyakar da harsunan Cadi suka yi kiciɓis da na Binuwai-Kwango.

2.0 Tsatson R-V88 da Hujjojin Masu Ra'in

Ƙwayar gado ta Y maza kaɗai ke ɗauke da ita, kuma ɗa yana karɓarta ne daga mahaifinsa kusan yadda take. Jefi-jefi wani ɗan sauyi kan auku a cikinta, sai sauyin ya zama tambari a jikin duk mazan da suka fito daga tsatson wanda ya fara samunsa. Da irin waɗannan tambura ne ake zana bishiyar salsalar maza ta duniya. R-V88 reshe ne na babban tsatson R1b, wanda ya fi yawa a yammacin Turai, kuma ba kasafai ake samunsa a Afirka ba, ban da wannan reshe.

Cruciani da abokan aikinsa sun gwada maza fiye da 1,800 daga al'ummomi 69 na Afirka. Sun sami R-V88 da yawan gaske a duwatsun Mandara na arewacin Kamaru, inda ya kai kashi 95 cikin ɗari a wurin al'ummar Uldeme, ya kuma haura kashi 80 a wurin Mafa da Mada, dukkansu masu harsunan Cadi. Sun same shi kuma a wurin Hausawa, da wasu Abzinawa, da mutanen Siwa na ƙasar Masar. Sun ƙiyasta cewa kakan da ya haɗa waɗannan maza ya rayu tsakanin shekaru 9,200 da 5,600 da suka wuce.

Wannan ƙiyasi ya faɗa cikin zamanin da Sahara take da dausayi, wato daga kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka shige, lokacin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Shaidun wannan zamani ba su ɓuya ba: akwai kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe a yau, mai kimanin shekaru 8,000, akwai kuma maƙabartar Gobero a Jamhuriyar Nijar. Saboda haka masu ra'in suka ɗaure abubuwa uku wuri guda, wato tsatson uba, da dausayin Sahara, da ƙaurar masu uwar harsunan Cadi daga arewa zuwa kudu kamar yadda Christopher Ehret ya yi hasashe.

Wajibi ne a yaba wa wannan aiki ta fuska biyu. Ya tabbatar da cewa Sahara ba katanga ba ce a kowane zamani, ya kuma kawo wa masu nazarin tarihin harsuna wata shaida mai zaman kanta wadda ba daga kalmomi ta fito ba.

3.0 Abin da Ilimin Harshe ya Tabbatar

Greenberg (1963) ya sanya harsunan Cadi a matsayin reshe na dangin Afro-Asiya, tare da harsunan Samawa irin su Larabci da Ibrananci, da na Barbar, da Misiranci na da, da na Kush. Newman da Ma (1966) suka nuna daidaiton sautuka tsakanin harsunan reshen, sannan Newman (1977) ya kasa su gida huɗu: Cadi ta Yamma, da Biyu-Mandara, da Cadi ta Gabas, da Masa. Hausa tana cikin Cadi ta Yamma, kuma Schuh (1982) ya yi bayanin dangantakarta da makusantanta irin su Bolanci da Angasanci. Harsunan reshen sun haura 150.

Hujjojin wannan dangantaka suna cikin ƙashin bayan harshen ne, inda aro ba ya cika shiga. Alal misali akwai harafin t mai nuna jinsin mace, kamar a “ta zo” da “rigarta”, akwai ɗafa-goshin ma- mai gina sunan wuri da na kayan aiki da na mai aiki, kamar a “masaƙa” da “mabuɗi” da “manomi”, akwai kuma tushen kalmomi irin su “mutu” da “suna” da “me”, waɗanda ke da takwarori a sauran rassan dangin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji da ya dogara da jinin masu magana da harshen.

Inda masana suka saɓa shi ne hanyar da harsunan suka biyo. Ehret yana ganin sun ratso tsakiyar Sahara daga arewa. Blench (1999) kuwa yana ganin makiyaya ne masu alaƙa da harsunan Kush suka taso daga gabas, suka biyo kwarin Hawar na ƙasar Sudan har zuwa Tafkin Cadi. Maƙalar 2010 ta ɗauki ɓangaren Ehret, abin da ya sa Lancaster (2010) ya yi martani a wannan mujalla yana nuna cewa sakamakon bai rufe hanyar gabas ba.

4.0 Raunin Ra'in

4.1 Ƙarancin Samfuri

Mazan Hausawan Nijeriya da aka gwada a aikin 2010 su goma ne kacal, kuma biyu daga cikinsu ne ke ɗauke da R-V88. Wannan shi ne kashi 20 cikin ɗarin da ake ta yayatawa. Wani binciken da Hassan da abokan aikinsa suka yi a Sudan a 2008 ya sami kimanin kashi 40 na R1b a cikin Hausawan can, su ma mutane ne da ba su wuce talatin da 'yan kai ba, kuma al'umma ce da ta taru daga mahajjata da masu hijira. Mutum goma ba za su wakilci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Damagaram ba.

Bugu da ƙari, manyan alƙaluman duk daga duwatsun Mandara suka fito, wato daga gida ɗaya cikin gidaje huɗu na harsunan Cadi. Al'ummomin nan ƙanana ne, ɗa yana zama inda ubansa ya zauna, mata ne ke tashi su tare a gidan miji. A irin wannan zama tsatson mutum guda mai yawan 'ya'ya yana iya mamaye ƙabila cikin ƙarnuka kaɗan. Yawan tambarin a Uldeme yana iya zama labarin Uldeme ne kawai.

4.2 Tsatson Bai Tsaya a Iyakar Harshe Ba

A cikin jadawalin aikin na 2010 kansa, al'ummar Mundang, masu harshen reshen Adamawa na dangin Neja-Kwango, suna da kimanin kashi biyu cikin uku na R-V88, wato sun ninka Hausawan da aka gwada fiye da sau uku. Haber da abokan aikinsa (2016) sun same shi da yawa a wurin Tubawa da Sara na ƙasar Cadi, waɗanda harsunansu na dangin Nilu-Sahara ne. An kuma same shi, ko da yake kaɗan, a wurin wasu masu harsunan Bantu na Gabon da kudancin Kamaru. Masu ra'in kan amsa cewa auratayya ce ta kai shi can. To amma idan an yarda tsatson yana tsallaka iyakar harshe cikin sauƙi haka, babu abin da zai hana a ce ta wannan hanyar ce ya shigo cikin masu harsunan Cadi su ma.

4.3 Matsalar Mafari

Nan ne ra'in ya fi samun tangarɗa, kuma binciken da ya biyo baya ne ya tono ta. An sami R-V88 a ƙasusuwan mafarautan da suka rayu a bakin kogin Danub, a ƙasar Sabiya ta yau, fiye da shekaru 8,000 da suka wuce, da kuma a Yukiren. An same shi a kogon Els Trocs na ƙasar Sifen a jikin mutumin da ya rayu kimanin shekaru 7,000 da suka shige, da kuma a tsofaffin kaburburan tsibirin Sardiniya. D'Atanasio da abokan aikinta (2018), waɗanda Cruciani yana cikinsu, sun nuna cewa tsofaffin rassan tsatson a Turai suke, kuma reshen da ya bazu a kudu da Sahara ya yi 'ya'ya ne cikin hanzari kimanin shekaru 5,700 da suka wuce.

A ɗaya ɓangaren kuwa, akasarin masana harshe suna ɗora mahaifar dangin Afro-Asiya a arewa maso gabashin Afirka, wasu kuma a Gabas ta Tsakiya, babu mai kai ta bakin Danub. Tsatson da ya fi yawa a wurin masu harsunan Kush da na Barbar shi ne E-M35 da rassansa, a wurin Larabawa kuma J. Ke nan idan mazan R-V88 daga kudancin Turai suka fito, ba da harshen Afro-Asiya suka taso ba. A wani wuri a arewacin Afirka ko cikin Sahara suka tarar da shi a bakin wasu, suka koya, 'ya'yansu suka tashi da shi. Ra'in da aka gina a kan cewa harshe yana bin uba sai ga shi yana buƙatar a yarda cewa iyayen farko su ne suka yar da harshensu.

Akwai ma waɗanda suka matso da lokacin kusa ƙwarai. Shriner da Rotimi (2018) sun danganta shigowar tsatson ƙasar Cadi da zuwan Larabawan Baggara a ƙarnukan baya-bayan nan. Wannan ra'i bai sami karɓuwa sosai ba, amma ya nuna faɗin tazarar da ke tsakanin ƙiyasce-ƙiyascen. Haka nan binciken da aka buga a 2025 a kan gawarwakin mata biyu makiyaya na Takarkori a kudancin Libiya, masu kimanin shekaru 7,000, ya karkata ga cewa kiwo ya yaɗu a Sahara ne ta hanyar koyi fiye da ƙaurar jama'a masu yawa. Da yake mata ne, ba su da abin faɗa game da ƙwayar Y, sai dai sun nuna cewa sana'a tana iya tafiya ta bar jini a baya.

5.0 Kagarko a Matsayin Magwaji

Forster da Renfrew (2011) sun kawo misalai daga sassan duniya da ke nuna cewa harshen al'umma ya fi dacewa da tsatson maza fiye da na mata. Wannan shi ne ginshiƙin da ra'in R-V88 ya jingina da shi. Hanyar gwada shi ita ce a dubi wurin da tarihinsa yake a rubuce, a ga ko harshe ya bi uba.

Ƙasar Kagarko tana kudu maso yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da yankin Babban Birnin Tarayya. A cikinta akwai Koro, waɗanda harsunansu irin su Ashe suke cikin rukunin Filato na Binuwai-Kwango, akwai Gbagyi 'yan rukunin Nufanci, akwai Fulani masu harshen reshen Atlantika, akwai kuma Hausawa. A gabas da ita akwai Ham na ƙasar Jaba, har zuwa Kafancan. M. G. Smith (1960) ya lissafa Kagarko cikin garuruwan da ke biyayya ga Zazzau a ƙarni na 19, tare da irin su Keffi da Jama'a da Kajuru da Kauru da Lere. Ta wannan yanki ne hanyoyin fatake suka ratsa daga Zariya zuwa kudu, kuma Mahdi Adamu (1978) ya nuna yadda fatauci da malanta da farauta da ƙira suka kai Hausa wurare irin waɗannan.

Abu na farko da ake gani a nan shi ne uba ba tare da harshensa ba. Gidajen sarautar Zazzau huɗu, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, suna riƙe da salsalarsu ta wajen uba, amma Hausa ce harshen fada da na gida. Haka lamarin yake ga Fulanin gida da yawa a Jere da Kagarko. Cikin ƙasa da shekaru 200 harshe ya sauya, tsatson uba yana nan inda yake.

Abu na biyu shi ne harshe ba tare da uba ba. Bakoro ko Bagwarin da ke cinikin citta da Hausa a kasuwa, yake sauraron wa'azi da Hausa a masallaci ko a coci, har 'ya'yansa da suka tashi a gari suka fi sakewa da ita, bai canza kakansa ba. A ƙarni na 19 kuma mutanen da aka kama daga wannan yanki aka zaunar a rumadan Zazzau, jikokinsu Hausawa ne a yau ta kowace fuska. Duk wanda ya gwada jinin Bahaushen Zazzau yana iya cin karo da tsatson E-M2, wanda ya fi yawa a wurin masu harsunan Neja-Kwango, kuma wannan ba zai rage Hausarsa da komai ba.

Harshen da kansa yana ɗauke da tabon wannan cuɗanya. Hausar kudancin Kaduna takan sassauta bambancin jinsi, a ji an ce “mace ya zo”, domin harsunan Binuwai-Kwango ba su raba suna zuwa namiji da mace. Gwandara, wanda shi ne mafi kusanci da Hausa, kuma ake magana da shi kudu da nan a Nasarawa da Abuja, ya sauya ƙwarai a sakamakon zama cikin waɗannan harsuna. Hoffmann (1970), da Wolff da Gerhardt (1977), sun nuna cewa aron ya daɗe yana gudana ta ɓangarorin biyu, har ana kyautata zaton kalmomi na yau da kullum irin su “biyu” da “nama” daga Neja-Kwango Hausa ta samo su. Harshen da ya ari “biyu” ya yi zaman gida ɗaya da masu ita, zaman da ya haɗa da aure da goyo. Ƙwayar Y ba ta ganin wannan ɓangare ko kaɗan, domin a cikin kakanni 1,024 da lissafi ya ba mutum a hawa na goma, guda ɗaya tak take bi.

Abu na uku ya shafi zamanin da. A Janjala ta ƙasar Kagarko ne masu binciken kufai na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka kafa sansaninsu na nazarin al'adar Nok, wadda aka fara tsintar gumakanta a 1928, Bernard Fagg kuma ya fito da ita duniya a shekarun 1940. Bincikensu ya mayar da farkon al'adar zuwa kimanin shekara ta 1500 kafin Miladiyya, ya kuma nuna cewa gero ne babban abincin mutanen. Da yake gero amfanin Sahel ne, ana hasashen daga arewa suka gangaro, kuma wannan ya sa wasu ke kwaɗayin kiransu masu harshen Cadi. Sai dai ƙasar yankin mai tsami ce, ta cinye ƙasusuwan, babu abin da za a ɗebi sinadarin gado daga gare shi. Tukunya da gero kuma ba su faɗin harshen mai su. Duk wanda ya jingina R-V88 ga mutanen Nok, ko ya cire shi daga gare su, zato kawai yake yi.

6.0 Haɗarin Fassara

Ilimin harsunan Afirka ya taɓa faɗawa wannan rami. Meinhof (1912) ya sanya Hausa da Fulatanci cikin abin da ya kira harsunan Hamawa, yana cakuɗa nahawu da launin fata da kiwon shanu, Seligman (1930) kuma ya mayar da duk wani ci gaban Afirka aikin baƙi farare. Greenberg ne ya rushe wannan gini da ya dage cewa da hujjar harshe kaɗai ake rarraba harsuna. Abdullahi Smith (1970) da Sutton (1979) suka yi makamancin wannan a fagen tarihi, inda suka nemi asalin daulolin Hausa a cikin ƙasar Hausa. Masu binciken R-V88 ba su da niyyar farfaɗo da ra'in Hamawa, amma yadda ake tallata sakamakonsu ya ba shi sabuwar riga.

Abin lura ne cewa ko labarin Bayajida, wanda ake yawan haɗawa da wannan tsatso, bai goyi bayan ra'in ba. Baƙon ya tarar da Daura da sarauniyarta da jama'arta da harshensu. Labarin ya kuma ce ya haifi Bawo da Daurama, ya haifi Karɓagari da Bagwariya, kuma cikin ƙasashen da ake jingina wa zuriyar Karɓagari har da Gwari da Nupe. Wato masu labarin da kansu sun ɗora Bahaushe da Bagwari a kan uba ɗaya, alhali sun san harsunansu daban ne.

A kudancin Kaduna wannan magana ta wuce ta aji. Yanki ne da gardamar ɗan ƙasa da baƙo ta sha jawo asarar rayuka, kamar yadda aka gani a Kafancan a 1987 da Zangon Katab a 1992. Sakamakon gwajin mutum goma, idan ya faɗa hannun mai neman hujjar cewa wani baƙo ne tun fil azal, ko cewa wani ya fi wani asali, yana iya zama makami. Nauyi ne a kan masana harshe su fayyace iyakar abin da binciken ya nuna.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa R-V88 shaida ce ingantacciya ta wasu maza da kakanninsu suka fito daga wajen Afirka, suka ratsa Sahara tana ɗanya, zuriyarsu ta yawaita a kewayen Tafkin Cadi. Mai yiwuwa ne wasunsu suna cikin waɗanda suka yaɗa wani ɓangare na harsunan Cadi. Abin da hujjojin ba su kai ga tabbatarwa ba shi ne cewa su ne mafarin reshen, saboda samfurin ya yi kaɗan kuma ya karkata ga gida ɗaya, tsatson ya bazu cikin dangogin harsuna uku, mafarinsa kuma ya saɓa da mahaifar Afro-Asiya.

Aikin da ke gaba iri biyu ne. Ana buƙatar gwaji mai faɗi, da yardar al'ummomin da abin ya shafa, wanda zai haɗa masu Cadi ta Yamma na Bauci da Filato da Yobe da maƙwabtansu Koro da Gbagyi da Ham, ya kuma dubi tsatson uwa tare da na uba, a kuma sa masana harshe na jami'o'in Nijeriya cikin tsara shi tun daga farko. Na biyu, wanda ya fi gaggawa, shi ne tattara kalmomi da nahawun harsunan Koro da sauran ƙananan harsunan yankin, musamman sunayen tsirrai da dabbobi da kayan noma da na ƙira, domin a cikinsu ne za a iya bin sawun wanda ya ari wani abu daga wani, da kuma lokacin da aka yi aron. Tsofaffin da suka riƙe waɗannan kalmomi suna ƙarewa, jikokinsu da yawa kuma sun koma Hausa da Ingilishi.